Jan Rubutu a Shagon Surfani

Ɗage hannunka daga madannan kwamfutar nan tukuna, Malam Sabi'u. Na ji ka fara maganar goge-goge, ga idonka ya yi ja. Bari in ba ka wani misali, in ya so daga baya ka yi abin da ka ga ya fi.

An yi wani mutum mai rubuta manhajar kwamfuta, ba gwani can ba ne, amma yana da naci. Wani mai shagon surfani a Zariya ya roƙe shi ya haɗa masa manhajar da za ta riƙa nuna adon riga a allo, a ƙara masa girma ko a rage daidai wuyan mai ita, kafin a kai wa keken ɗinki. Mutumin ya zauna ya rubuta. Da yake ba mai ƙera komai daga tushe, sai ya ɗauko wani ƙunshin kayan zane da wasu suka riga suka haɗa, ya sa layin farko na manhajarsa ya riƙa kiran ƙunshin. A kwamfutarsa ta gida abin ya yi kyau ƙwarai. Ya ɗauka ya kai shago, ya zuba a tsohuwar kwamfutar da ke lungu, tsakanin ƙyallaye da kwalayen zare. Yana tayar da ita, sai ta tsaya cak a layin farko, ta zubo jan rubutu har rabin allo. Ya ɗan leƙa saman rubutun, ya hango sunan ƙunshin zanen, ya ce ai shi ne bai sauka daidai ba. Ya cire shi ya sake saukewa. Jan rubutu ya dawo. Ya nemo tsohon samfuri, ya nemo sabo, duk kanwar ja ce. Data ta ƙare ya sake sawa, wuta ta ɗauke ya zauna jiran a kawo. Ya koma kan manhajar tasa, wadda ba ta da laifin komai, ya warware ta ya sake ɗinkewa. Kullum ya zo da safe da ƙwarin gwiwa, ya koma gida da ciwon kai. Teloli suka daina tambayarsa ya aiki, sai dai su ce masa sannu. Ga ɗinkin Salla yana ta taruwa a kan benci.

Ranar da ƙarfinsa ya ƙare ya ce wa mai shagon, "Alhaji, sai dai fa a wanke kwamfutar nan gaba ɗaya." Alhajin, wanda shi ma gajiya ta gama cin sa, ko ɗago kai bai yi daga rigar da yake warwara ba. "Yi duk abin da za ka yi, ni dai ta yi aiki." Mutumin ya kwashe abin da ya gani a fuskar allo, bai tsaya tona na ciki ba, ya goge komai, ya sake zuba wa kwamfutar kaya tun daga farko. Yini guda ya tafi a haka. Washegari ya tayar da manhajar. Jan rubutun nan ya fito, ko harafi ɗaya bai canza ba.

Ya jingina da bango. Dabara ta ƙare, ba sauran abin cirewa, ba sauran abin gogewa. Don rashin abin yi ne ma ya sa ido ya karanta rubutun a hankali, tun daga sama har ƙasa. A layin ƙarshe kwamfutar ta faɗa ƙarara cewa ta ga ƙunshin, abin da ta rasa wani fayil ne da ƙunshin ke jingina da shi in zai tashi, har da sunansa ta rubuta. Irin kayan nan ne da manhajoji da yawa ke tarayya a kansu, ƙunshin ba ya zuwa da su, ɗauka yake zai tarar da su a gida. Kwamfutar mutumin ta daɗe da samun nata tare da wata manhaja da ya manta ma ya taɓa sawa, ita kuwa ta shago ba ta taɓa samu ba. Ya nemo shi a shafin masu shi, ya sa. Kafin ladan ya gama kiran La'asar, ga ado ya bayyana a allo, tsaf.

Alhajin ya yi murmushin da aka kwana biyu ba a gani ba. Ya ce, "Alhamdu lillahi. To buɗe mana askokin Baba mu gwada." Zane-zanen adon riga ne da marigayi mahaifinsa ya yi da hannunsa, aka ɗauki hotonsu aka adana can cikin kwamfutar, takardun kuwa gara ta daɗe da cinyewa. Mutumin ya duba nan, ya duba can, gumi yana keto masa. Sun tafi tare da wankin. Ya yi ta ƙoƙarin dawo da su, abin da ya samu bai wuce wasu gutsattsari ba, rabin aska nan, kusurwar tambari can. Alhajin ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce, "Allah ya sa haka shi ne mafi alheri," ya koma kan kekensa. Manhajar tana nan tana aiki a shagon lafiya lau, sai dai adon da take zanawa irin wanda kowa ke da shi ne a kasuwa.

Ƙunshin da ya sha cirewa da sawa lafiyarsa ƙalau, kwamfutar da aka wanke kuma ba ta ɓoye abin da take nema ba. Shi ne Hausawa ke cewa, an bar jaki ana dukan taiki.