Mai Danna Rediyo Bayan La'asar

Kas-kas. Shiru. Kas.

Atiku ya buga tebur har kwanon dalma ya yi tsalle. Kwana tara ke nan, da an idar da La'asar, wani daga nesa zai danna maɓallin magana na rediyonsa ya saki, ya danna ya saki, ba sallama, ba ko tari.

Shekarar da aka rufe layukan waya a Zamfara ce. Atiku mai gyaran rediyo, da 'yan ƙungiyarsu masu lasisin oba-oba, wato rediyon hannu na magana, suna da rifita a kan tankin ruwa a Talata Mafara, na'urar da ke karɓar murya mai rauni ta cilla ta har Bakura da Maradun. A da mutane dariya suke musu, wai manya da wasan yara. Yanzu masu dariyar ne ke layi a ƙofar shagonsa, kowa da cigiyarsa.

Shi ma yana da tasa cigiyar. Yayansa Bello, mahauci, ya hau babur zuwa Faru neman bijimi wajen wani makiyayi, tun da an rufe kasuwannin dabbobi. Kwana goma sha ɗaya ba shi, ba babur. Abin da ke cin Atiku shi ne rabuwarsu ta ƙarshe. Bello ya shigo shago da wuƙar babansu mai jan kube a ƙugu, ya roƙi aron rediyo ɗaya saboda hanya.

"Yaya, wanga ba tsire ba ne da kowa ka taɓawa. Sai da lasisi."

Bello ya yi murmushi, ya ɗan tsaya wajen kwalin tarkace yana jujjuya kaya kamar yadda ya saba, ya fita. Tun ranar Atiku yake zaune gaban rediyo, kunne a miƙe, ko wani zai ce ya ga yayansa.

To ga wannan ɗan iska da kas-kas ɗinsa. Rifitar a buɗe take: duk siginar da ta zo, ko da murya ko babu, sai ta ɗauka ta watsa. Rana ta takwas wani ɗan ƙungiya daga Maradun yana tsakiyar bayanin babur da aka tsinta a daji, kas-kas ya hau kansa ya cinye rabin maganar. Atiku ya rantse ɗan leƙen asirin 'yan bindiga ne ke aika wa iyayen gidansa alama. Wa kuma zai yi haka kullum a lokaci ɗaya?

Maganin a hannunsa yake. Akwai wani sauti na ƙasa-ƙasa, kunne ba ya jin sa, da ake sa wa rifita a matsayin makulli. Rediyon da ba a saita masa sautin ba, ya danna har ya gaji, rifita ba za ta kula shi ba.

Malam Yari na Bakura, dattijon ƙungiyar, bai yarda ba.

"Atiku, ƙofar masallaci ba a sa mata kwaɗo don akuya ta shiga. Mu ɗauki eriya mu bi siginar nan mu ga inda take hitowa. Ni na ji kamar wajen Damaga ta hi ƙarfi."

"Baba, mu kai kanmu ga tarko? Ni yayana nika nema, ba mahaukaci ba."

Aka ƙyale shi, don wanda ciwo ke jikinsa ba a ja da shi. Ya zagaya Bakura da Maradun ya saita wa kowane ɗan ƙungiya sautin. Rana ta goma ya hau tanki ya kulle rifita.

La'asar ta yi, ta wuce. Tsit. Atiku ya ji wani sanyi a ransa, har ya aika aka sayo masa fura. Layi ya wanke tas, kowace murya tana fita kamar a ɗaki ɗaya ake. Sai dai cikin duk muryoyin babu mai labarin Bello.

Bayan an yanke gero, wani maharbi daga Damaga, Ɗanlami, ya yi sallama a shago da buhu a kafaɗa. Suka gaisa har gida da gona, sannan ya zaro wata tsohuwar oba-oba da ƙasa ta cika mata ido.

"Cikin wani kogo munka ishe ta, bisa dutse. An ce kai ka sanin irinsu."

Atiku ya karɓa da ɗoki. Ashe Malam Yari ya canka, daga Damaga ne. Yau dai ya kama munafukin.

"Ina mai ita?"

"Mun yi mai sutura nan wurin. Ƙahwa tai ta karye, ga alama tserewa ya yi daga hannun mutanen daji. Ya daɗe da rai, don akwai ruwa cikin dutsen. Kullum yana zana layi ga bango. Mun ƙirga sha huɗu."

Sha huɗu. Tara da aka ji, biyar da ba a ji ba.

Atiku ya juya rediyon. A bayansa akwai filasta da ta yi baƙi, da rubutun biro, rubutun hannunsa: "Yana aikawa, makirfo ya mutu. Tarkace."

Bai ɗaga kai ba. Ɗanlami ya sake sa hannu a buhu.

"Ba mu gane ko ɗan wane ne ba. Da wagga dai ya riƙa zanen."

Ya ajiye wuƙa mai jan kube a kan tebur.