Amma Mun Gode Allah

Tun da aka kafa akwatin asibiti a kowane gida, likita ba ya zuwa sai majinyaci ya ce wa akwatin "ba sauƙi", ba ragi ba ƙari.

Kwana uku Uwani na fama da mahaifiyarta, wadda zazzaɓi ya kwantar.

"Inna, don girman Allah, ba gaishe ki yake ba! Kalma biyu, ki tsaya."

Akwatin ya ce, "Yaya jiki?"

"Ba sauƙi," in ji Inna da ƙyar. Uwani ta fara murmushi. "Amma mun gode Allah."

"Amsa ba ta dace ba. Sai gobe."

Uwani ta ɗora hannu a ka. Inna ta juya mata baya.

"To, in butulce wa Ubangiji saboda akwati?"