Ranar da Wuta Ta Kama Hadiza

Da la'asar ne, an ɗauke ruwan sama a gidanmu na garin Ƙofa. Inna ta wuni tana surfe, zamanta ke nan tana matsa kafaɗa, sai yayata Hadiza ta je kwashe shanya. Ashe wayar lantarki ta zubo a kan igiyar ƙarfen da muke shanya. Tana kamawa ta sandare, yatsunta suka ƙi buɗewa, ko kuka ta kasa.

Na ruga zan janyo ta, Inna ta ce, "Kar ki taɓa ta, ke ma wutar riƙe ki za ta yi."

Ta taka busasshiyar kujera, ta sa tabarya ta make igiyar. Hadiza ta zube tana haki, tafinta yana ƙaurin ƙuna. Inna ta zauna daɓas cikin laka ta rungume ta, ta ce, "Jeki kira kawunku, asibiti za mu."

Hadiza ta warke, sai tabo. Sai da na haifi nawa, nake kwana da ciwon baya, na gane ba rarrashi ne ya zaunar da Inna a laka ba. Ƙafafunta ne suka ƙi ɗaukarta.