Layin da Sagiru Ya Tsaya

Husaina tana gugar farar rigar mijinta tana yi masa magana, shi kuwa Sagiru yana bakin taga yana kallon motoci suna rige-rige a titin Giza, kamar ba da shi ake ba. Magana ɗaya take nanatawa tun safe: in an je zaɓe, bayan Habibu zai tsaya. Ba don Habibun ba, don Alhaji Abdulbasit.

Zaɓen ƙungiyar Hausawan Alƙahira ne, ɗalibai da magidanta. Babu akwati, babu takarda, ƙato bayan ƙato ake yi. Ɗan takara ya tsaya, masu sonsa su yi layi a bayansa, kowa yana ganin kowa. Sai dai akwai wata tsohuwar doka, duk wanda ya taɓa zaman gidan yari ba shi da ƙuri'a, ko ƙofar zauren ba ya takawa.

To Sagiru ya yi zaman. Zai tafi hutu Kano ne aka tare shi a filin jirgin Alƙahira da akwatin saƙo. Kun dai san halin mutanenmu, a ba ka saƙo ka karɓa, buɗewa rashin kunya ne. Da ma'aikata suka buɗe masa, ƙwayoyi ne shaƙe. Aka tambaye shi mai akwati, ya yi shiru. Aka yi masa barazana, Husaina ta yi kuka har muryarta ta dushe, bawan Allah bai buɗe baki ba. Ya tafi gidan yari ya bar ta da goyon Nana.

Shekarun nan Alhaji Abdulbasit ne ya riƙe gidan. Attajiri ne, yana kawo marasa lafiya asibitocin Masar, yana fitar da kaya zuwa gida. Kowane wata sai ga buhun shinkafa da taliya da mai, an ɗaure bakinsa da jan ƙyalle mai ɗigon fari. Mai gidan haya bai taɓa ƙwanƙwasa mata ƙofa ba. Talauci ba ya barin mace ta yar da abu, don haka ƙyallayen ma wanke su take yi, tana ɗaure wa Nana gashi.

Da aka sako Sagiru, Alhaji ne ya tsaya da lauya har aka fasa korar sa daga ƙasar. Amma mutumin da ya dawo ba shi ne ya tafi ba. Ranar farko ya ɗauki 'yarsa ya rungume, sai kuma ya fizge ɗaurin gashinta ya jefa a shara, yarinya ta tsala ihu. Shinkafar ma ba ya ci, sai burodi da wake na bakin titi. Husaina ta ce a ranta, gidan yari ya taɓa masa kai. Ta yi haƙuri, me za ta yi?

Sannan Alhaji ya ɗauko maganar dokar. Ya tashi a taro ya ce wanda ya gama hukuncinsa ya wanke, ba wanda ya isa ya sake ɗaure shi a waje. Dattawa suka yi gardama. Alhaji ya kama zaure mai sanyi a unguwar Dokki, ya yanka raguna, ya biya wa wasu kuɗin sabunta izinin zama. Gardama ta mutu, aka soke doka. Har Husaina ta yi masa addu'a a sujada.

Ba a ɓoye yake ba, Habibu yaron Alhaji ne. Alkawarinsa kuwa ya shiga ran ɗalibai: tikitin hutu a rahusa, in dai mutum zai ɗan taimaka da kaya a hanya. Ɗaya ɗan takarar, Ja'afar, malamin haddar yara ne, ko ruwan sanyi bai raba wa kowa ba.

Husaina ta miƙa wa mijinta rigar. Ta ce masa ya tuna haya, ya tuna makarantar Nana, ya tuna cewa ba wanda ke ba tsohon fursuna aiki a garin nan. Ya sa riga, ya ɗauki wani abu a ƙasan akwatinsa ya cusa a aljihu, ya ce, “Yalla, mu je.”

A zauren, layukan biyu sun yi kusan kai ɗaya, har mai ƙirga ya sake daga farko. Husaina tana ɓangaren mata, Nana a gabanta, ta yi mata kwalliya da abin da ta samu. Sagiru ya tsaya a bakin ƙofa kamar mai jiran a ce ya shigo. Alhaji ya ɗaga masa hannu daga kujerar gaba yana murmushi.

Ya tako a hankali. Ya wuce layin Habibu, yana duban fuskokin ɗaliban nan ƙanana ɗaya bayan ɗaya. Ya je ƙarshen layin Ja'afar ya tsaya, ya harɗe hannu a baya. A ranta Husaina ta ga buhun wata mai zuwa ya tafi, ta ga mai gidan haya a bakin ƙofa.

Alhaji ya taso da kansa, murmushin yana nan. Ya ce a hankali, “Malam Sagiru, ma'alish, ba komai, ka ɓata layi ne.”

“Ban ɓata ba, Alhaji. Ƙuri'ar ka ce tawa ce.” Ya sa hannu a aljihu ya ɗora masa wani abu a tafin hannu, a gaban kowa. “Ga ajiyarka. A hannun akwatin yake ɗaure. Shi kaɗai suka maido mini ranar da aka sake ni.”

Husaina ta ɗaga wuya ta leƙa. Sai hannunta ya sauka da kansa a kan Nana, a kan ɗaurin da ta yi mata da safe a ɓoye, jan ƙyalle mai ɗigon fari, irin wanda ke kwance a tafin hannun Alhaji.