Sanda ɗaya, fartanya shida

Ɗiyata, kin ce jerin nan da kika rubuta a kwamfuta kin sa masa makullin da ke hana mutum biyu taɓa shi lokaci guda, kin gwada ke kaɗai ya yi daidai, gobe za ki sakar wa jama'a su shiga gaba ɗaya. Ni a aji uku na bar boko. Amma zauna ki ji.

A wata fadama mutum shida suka haɗa lambun albasa. Magudanar ruwa ɗaya ce ke bi ta gefen jerin kwaminsu. Babbansu ya kafa doka: ga sanda rataye a bakin magudana, wanda bai riƙe ta ba, ba ya buɗe ruwa, ba ya toshewa. Ya gwada shi kaɗai, ruwa ya bi hanya lafiya lau. Kowa ya ce a yi dashe, iri ya isa, kuma shi ke nan irin da suke da shi a shekarar. Sai wani mai taurin kai a cikinsu ya ce a dakata. A fara sakin ruwa kan kwami babu komai, su shida lokaci guda, kowa na gaggawa kamar ranar da shuka ke ƙishi. Suka ce, "Kai dai ba ka rabo da tsirfa, ruwa za mu zubar a banza?" Ya ce, "Gara ruwa da iri."

Suka shiga. Babu wanda ya karya doka, duk mai buɗewa da sanda a hannunsa. Amma wani ya bi jerin yana dubawa ba sanda a hannu, ya ga kwami na uku a bushe, ya koma ɗauko sanda. Kafin ya iso, ɗan'uwansa ya cika kwamin, ya mayar da sandar ya wuce. Shi kuma ya zo da abin da ya gani ɗazu a kansa, ya ɗauki sanda ya sake buɗe wa kwamin ruwa. Kunya ta ɓalle, ruwa ya kwashe ƙasar kwami biyu. Da an yi dashe, da irin ya bi ruwa. Babban ya tsaya yana kallon taɓo, bai yi musu ba. Ya ce daga yau mai dubawa ma sai da sanda, kuma ba ya ajiye ta sai ya gama abin da ya gani. Suka gyara kunyar, suka sake gwadawa har sau huɗu, da gangan suna rige-rige. Ƙasa ba ta motsa ba. Washegari suka dasa. A shekarar sai da suka ari jakuna wajen kwasar albasa.

Makullinki ban ce ba shi da kyau ba. Tara masa mutane tun kwami babu komai. In ya ɓalle yau, taɓo kawai za ki share. Hausawa sun ce, sai an gwada akan san na ƙwarai.