Ta Saman Tsafe

"Ga shi nan, Baba, ya kusa," in ji ɗiyar, ta miƙa masa waya.

Tsohon ya kai ta kusa da hanci. Wani ɗigo ne ke rarrafe a kan taswira, yana bin siririn layi.

Tun da 'yan bindiga suka tashe su daga ƙauyensu na bayan Tsafe suka dawo Gusau, bai taɓa kula wannan aikin nata ba. Malamar kimiyya ce, takan kafa eriya a tsakar gida tana bibiyar wani tauraron ɗan'adam da bai fi galan ɗin manja girma ba. Wai in ya tashi da la'asar, kafin magariba ya zagaye duniya. Shirme, a ganinsa, sai yau da ya ji layin zai ratsa ta saman Tsafe.

"Kin ce yana da ido?"

"Madubin hangen nesa gare shi, mai ƙarfi."

"To ki ce ya duba mani. Tsamiyar bakin gonata. Rumbuna, ko sun ƙone shi. Da kabarin innarki, in damina ba ta shafe shi ba."

Ta daɗe tana murza bakin mayafinta.

"Baba, na masu nazarin taurari ne. Sama yake kallo, ƙasa tana bayansa."

Ɗigon ya hau kan Tsafe, ya sauka, ya nufi arewa. Tsohon ya bi shi da ido har ƙarshen taswirar, sannan ya mayar mata da wayar.

"Ashe har shi," ya ce a hankali. "Ya bi ta garinmu bai waiwaya ba."