Ɗumin Dutse a Ƙarƙashin Ƙanƙara

Ranar Talata ce, ƙarshen bazara, hadari ya haɗo daga gabas bayan azahar. Wani manomi a ƙauyen kan tsauni yana da irin attarugu da ya yafa ƙarƙashin rumfar ciyawa, yana jiran damina ya dasa. Rijiyarsa ta ƙafe, rafi ya koma yashi, irin ya fara sunkuyar da kai. In ya mutu, noman shekarar ya tafi. Da hadarin ya sauko, ruwan ko ƙura bai kwantar ba. Ƙanƙara ce ta zubo, manya kamar goro, iska ta share ta, ta tara a wani kwarmin dutse bayan gonarsa har gwiwa. Mutane suka fito suna tsinta a kwano suna tsotsa, suna cewa an roƙi ruwa an samu tsakuwa. Ba a zuba wa jaririn iri ƙanƙara, kashe shi take yi. Matarsa ta gwada narkarwa a tukunya, itace ya ƙare tulu bai kai rabi ba. Aka ce a jira rana ta fito ta narkar. Rana kuwa ta ƙi fitowa, gari ya yi luf, sanyi har ƙashi.

Can wajen la'asar akuyarsa ta tsinke igiya, ta haura kan tarin. Ya bi ta yana zagi, ƙafarsa ta burma ciki, sai ya ji tsulum. Ya durƙusa ya zura hannu har kafaɗa. Ruwa ne kwance a ƙasa, dutsen da ya taɓo kuma da sauran ɗuminsa. Dutsen ya sha rana duk bazara bai huce ba, shi ke cin ƙanƙarar ta ƙasa, jama'a suna ta kallon sama. Mutumin ya fashe da dariya, ya manta da akuya. Ya ƙwala wa matarsa kira: "Ke, kawo tulu da ƙwarya!" "Tulu kuma, Malam? Na me?" "Kawo dai, ki gani da idonki." Ya buɗa rami da fartanya, suka yi ta ɗiba. Maƙwabta suka iso da bokiti, wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Kafin magariba irin ya sha ya ƙoshi. Da gari ya waye ya kwaɓa laka, ya jera duwatsu, ya toshe bakin kwarmin ta gangare don kada sauran ya zurare.

To, aboki, abin da ya sa na ba ka wannan labari, ka zo mini kana dariya, wai rediyo ta ce masu binciken sararin sama suna zaton akwai ruwa ƙarƙashin ƙanƙarar wata duniya, in har cikinta da sauran zafi. Ni ban je can ba, kai ma ba ka je ba. Ka bar su su tona. Hausawa sun ce, ruwa na ƙasa, sai ga wanda bai tona ba.